Tsuntsu daga sama gasasshe

Idan mutum ya samu babban rabo ba zato ba tsammani, Bahaushe yakan ce tsuntsu daga sama gasasshe. Masu magana da Ingilishi su ma suna da kalmominsu na irin wannan samu. Ya kamata ɗan makaranta ya san tushensu, domin akwai gargaɗi a ciki.

Ta farko ita ce windfall. Wind iska ce, fall kuma faɗuwa. Fiye da shekara 500 ke nan mutanen Ingila suke kiran ƴaƴan itacen da iska ta kaɗo da wannan suna. Mai wucewa ya duƙa ya tsinta, bai hau ba, bai yi jifa ba. Yau wanda ya ci gadon da bai sa rai ba, sai a ce ya samu windfall.

Ta biyu ita ce bonanza. An aro ta daga harshen mutanen Sipaniya, inda take nufin kwanciyar teku, ranar da matuƙa jirgin ruwa suke samun sauƙi. Masu haƙar ma'adinai na Amurka suka ɗauke ta, suna kiran ramin da ya ba da arziki mai yawa da ita. A shekarar 1873 an gano azurfa da zinariya jibge a ƙarƙashin garin Virginia City, cikin jihar Nebada. Garin ya cika maƙil. Ba a yi shekara goma ba arzikin ya ja baya, dubban mutane suka watse.

Ta uku ita ce jackpot, daga wasan karta na Amurka. Kuɗɗi ne da ƴan caca suke ta zubawa a tsakiya har mutum ɗaya ya kwashe. Abin da ya kwashe, daga aljihun abokan wasansa ya fito.

Duk ukun abu ɗaya suke faɗi. Iska takan kwanta, teku yakan tashi, sa'ar caca takan juya. Babu ɗaya da mutum yake iya kira ta zo, ko ya riƙe ta ta zauna.

Wani zai ce ai rabo daga Allah yake, wanda ya samu sai ya ci. Gaskiya ne, tsintuwar mangwaro a gindin itace ba laifi ba ce. Laifin shi ne a ɗauka kullum haka za ta kasance. Ƙasar Nijar ta ga wannan. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuɗɗi suka shigo da yawa. Daga 1980 farashinsa ya faɗi, ga bashi ya taru, aka shiga matsi.

Manomi mai hankali ya san dabara. Shekarar da damana ta yi kyau, ba ya sayar da hatsinsa duka a kaka. Yakan cika rumbu, ya ware iri, don ya san fari yana dawowa. Haka ya dace a yi da kowane samu na bazata: a ci kaɗan, a ajiye saura.

Mangwaron da iska ta kaɗo, wani ne ya shuka itacen, ya yi ta ba shi ruwa. Yaron da ya ci, sai ya shuka ƙwallon.