Wuƙa a ƙugu, doka a takarda

Duk wanda ya taɓa yin sammako a hanyar Bande ko Waca lokacin saran rake ya san cewa a ƙasar Magarya ba a fita gida hannu rabbana. Manomi na saɓe da adda, mai rake na riƙe da wuƙar fira, makiyayi na rataye da barandamin da yake sassabo wa awakinsa rassan gawo. Mahauci kuwa, in an raba shi da wuƙa an raba shi da tuwon iyalinsa. Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu 900 a ƙidayar 2012, kuma akasarinsu da ƙarfe mai kaifi suke neman abinci.

To, me doka ta ce game da wannan ƙarfe? Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka yi masa babban gyara a 2003, ya haramta yawo da wuƙar suka da sandar da aka ɓoye takobi a cikinta da makamantansu. Sai dai ya yi togaciya, ya ce ban da abin da al'ada ta saba da shi. Waɗanda suka rubuta haka sun yi hankali, don sun san ba a raba Buzu da takobinsa da alƙalami. Laifinsu guda ne: ba su faɗi wace al'ada ba, a wane wuri, a wane lokaci.

Wannan giɓi ya haifar da ɓarna iri biyu. Bafillacen da ya fito daga Malawa ko Dogo-Dogo zai kai shanu kasuwar Maigatari bai san ko barandaminsa kayan aiki ba ne ko makami, sai ya iso gaban mai kaki. Ranar da aka ga dama al'ada ce, ranar da ba a ga dama ba laifi ne. A gefe guda kuma, saurayin da ya soke wuƙa a ƙugu, ya haɗiyi taramol, ya nufi dandalin biki da dare, shi ma al'ada zai kira in an tare shi. Wace al'ada? Kakansa ya ɗaura wuƙa a damtse ne saboda kura da ɗan fashi a tsakiyar daji, in ya iso zauren mai gari kuwa sai ya ajiye makami kamar yadda yake tuɓe takalmi. Birnin Damagaram ya riga ya ga inda wannan hanya take kaiwa, a ƙungiyoyin samarin da ake kira palais, waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021.

Akwai masu cewa a hana gaba ɗaya, kowa ya huta. Masu wannan magana ba su taɓa girbin gero ba. Dokar da za ta mai da manomi da mahauci da wanzami masu laifi tun kafin su karya kumallo ba za ta hana jini zuba ba, sai dai ta buɗe wa cin hanci sabuwar kasuwa. Kuma ai abin dariya ne ƙasar da takobi ne babbar kyautar sarkin kokawarta ta wayi gari tana kamen kube.

Gyaran da ya kamata shi ne doka ta daina kallon ƙarfen, ta dubi inda aka kai shi da dalilin kai shi. Ingila ma haka ta yi a dokarta ta 1988: ƙaramar wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba an yafe ta, wadda ta fi haka sai mai ita ya kawo dalili, na sana'a ko na addini ko na suturar gargajiya. Ba a ce a kwafo ta ba, inci 3 ba ya sare rake. Amma a rubuta ƙarara cewa kayan aiki cikin kube, tsakanin gida da gona ko makiyaya, ba mai taɓa su. A kuma lissafa wuraren da ba sa shiga: makaranta, filin kokawa, dandalin biki, da cikin kasuwa in ba a rumfar mai sana'a ba. Duk ƙarfen da aka karɓe a ba mai shi takarda da ranar da zai zo ya amsa.

Wurin da ya fi kowanne haɗari shi ne bakin gonar da dabbobi suka yi wa ɓarna. A nan mai gona da mai garke suke haɗuwa, kowa ransa a ɓace, kowa da kaifi a hannu. Toda ta ƙasar Maraɗi ta binne sama da mutum 100 a 1991, Bangi ta ƙasar Tawa ta binne kusan 20 a 2016, duk daga rikicin manoma da makiyaya. Dokar tsarin karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 sun tanadi kwamitocin ƙasa da sulhu a gaban sarakuna da ranar sakin gonaki. Abin da ya rage a ƙara shi ne sharaɗi ɗaya: ba a zaman ƙiyasta ɓarna sai ɓangarorin biyu sun ajiye adda da barandami a hannun wakilin mai gari, kuma sharaɗin ya hau kan manomi daidai yadda ya hau kan makiyayi.

Fayyace abin da ake kira al'ada ba aikin ofishin Yamai ba ne shi kaɗai. Sarkin maƙera da sarkin fawa da arɗo da shugabannin ƴan tauri su suka san wace wuƙa ce ta aiki, wace ce ta ado, wace ce ta neman fitina. Ƙungiyoyin al'adu na Magarya da Dungas za su iya tara su, malaman makaranta su rubuta abin da aka tsayar da Hausa da Fulatanci, a miƙa wa hukumar gunduma da Sarkin Damagaram, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara kafin gero ya nuna, tun garkunan da suka yi damina a arewa ba su fara gangarowa burtali ba.