Motocin "Hom Yus" da Ciwon Wuta: Wa Ke Ɗaukar Asarar a Asawase?

Duk mai zama cikin direbobi a Asawase, Aboabo ko Sawaba ya san hirar mota ta sauya. Shekarun baya kukan direba na inji ne: yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, giya ta ƙi shiga. Yau mafi yawan kukan na wuta ne. Mota ta kwana lafiya, da asuba ta ƙi tashi. An sa sabon batir, bayan sati biyu ya mutu. Ana cikin tafiya a hanyar Kejetia fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, mota ta mutu a tsakiyar titi, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba. A kai wa fita ya ce aikin mai wuta ne, mai wuta ya canza abu uku, ciwon yana nan.

Wasu na cewa rashin sa'a ne, wasu na zagin masu gyara. Ni a ganina yawancin wannan ciwo da shi motar ta sauka a Tema, kuma wanda ya fi kowa rashin sanin tarihinta shi ne ke biyan kuɗinsa.

Daga ina motocin ke zuwa?

A Oktoban 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Gana na cikin masu karɓa. Abin da muke kira "hom yus" ke nan, kuma shi ne motar talaka da mai matsakaicin ƙarfi, don sabuwa fil sai gwamnati da manyan kamfanoni.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka a gwanjo ake sayensu ta intanet, a kamfanoni irin su Copart da IAA. Waɗannan wurare ne da kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka biya masu su, bayan sun lissafa cewa gyaran bai cancanci kuɗinsa ba. Wata karo ta yi, wata ƙanƙara ta buge ta, wata kuwa ambaliya ce ta shanye ta. Guguwar Harvey a Texas a 2017 da guguwar Ian a Florida a 2022 kowacce ta jiƙa motoci dubu ɗaruruwa. Ba duka aka murƙushe ba. An busar da wasu, an wanke, an ɗauki hoto mai kyau, an loda a kwantena.

To a nan gizo ke saƙa. Motar da ta yi karo ta gaba, idan ba a taɓa ƙashinta ba, 'yan Suame Magazin za su miƙe ta, su sa fitila da bamba, ta yi shekaru tana aiki. Ciwonta a fili yake, ana gani, ana yi masa kuɗi. Motar ruwa ba haka take ba. Jikinta sumul, kujeru tsaf, inji na kaɗawa lafiya. Amma ruwa ya shiga cikin damin wayoyin da ke ƙarƙashin kafet, ya shiga bakin soket-soket, ya taɓa kwanturol bod, wato ƙwaƙwalwar motar. Idan ruwan gishiri ne, kamar na gaɓar Florida, abin ya fi muni, don gishiri ba ya daina cin jan ƙarfe ko bayan ya bushe. Wata uku, wata shida, sai kore-koren tsatsa ya cika bakin wayoyi. Lokacin dila ya ci kuɗinsa, an yi rajista, mota ta zama taka.

Akwai hanya ta biyu. Tun 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motarmu sitiyarinta a hagu yake. Motocin da aka ƙera don kasuwar Japan kuwa a dama nasu yake. Ƙananan motoci irin su Toyota Vitz, waɗanda masu Bolt da Yango ke so saboda ba su shan mai, da yawansu sai an juya musu sitiyari kafin su hau titinmu. Juya sitiyari ba cire ƙarfe ne a mayar wancan gefe kawai ba. Dole a cire dashbod, a ja wayoyi zuwa inda ba a yi su don su kai ba. Mai aikin kirki zai canza damin wayoyin gaba ɗaya. Mai gaggawa zai yanka, ya ƙara guntu, ya murɗa da hannu, ya naɗe da salatif. Kowane ƙulli a cikin waɗannan yana jiran ramukan titi da zafin rana su kwance shi.

Namu laifin

Ba zan ɗora komai a kan Turawa da diloli ba, don mu ma muna ƙara wa wutar fetur. Suame Magazin abin alfahari ne. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 200,000 ke cin abinci a wurin, kuma yaran Zango da yawa can suka koyi sana'a. Sai dai yawancin manyan masta-masta sun ƙware ne a zamanin kafireto, lokacin da kunne da hannu da ɗan ƙwan fitila sun isa a gano ciwo. Motar yau kwamfuta ce mai taya huɗu. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket na gwaji da ake kira OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma daga 2008 na'urorin cikinta suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Idan ɗaya ta sami matsala, sai birki, giya da mita duk su rikice lokaci ɗaya, mai gyara ya yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Ga wasu al'adu da har yanzu nake gani a garejojinmu, waɗanda gyaran gangar Auzinawa ne. Cire kan batir inji na aiki wai a gwada ko altaneta na caji: a tsohuwar mota an sha yi an tsira, a ta yanzu wutar na iya tsalle ta ƙona kwanturol bod. Fiyus ya ƙone a naɗa masa jan waya: fiyus mai gadi ne, ya mutu ne don ya ceci wayar, idan ka hana shi mutuwa sai wayar ta yi zafi ta kama wuta. Cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi: injin ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, fanka ta yi ta jan wuta ba hutu. Yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota. Sai kuma kutsawa cikin ruwa da damina idan rafin Aboabo ya cika ya hau titi, wanda ke mayar da motar da ta zo lafiya motar ambaliya a nan gida.

Mafi muni shi ne na ɓoye aibi. A cire ƙwan fitilar gargaɗin inji don kada ta kama. Jakar iska ta fashe a haɗarin Amurka, maimakon a sa wata sai a liƙe murfin, a sa ɗan abin da zai yaudari kwamfuta ta kashe fitilar. Wannan ya wuce maganar asarar kuɗi, maganar rai ce.

Wa ke biya?

Mai kuɗi idan motarsa ta dame shi zai ajiye ya hau wata. Wanda abin ke karyawa shi ne yaron da ya karɓi mota a tsarin "wok an pe", yana biyan kuɗin sati har ta zama tasa. A irin wannan yarjejeniya galibi gyara a wuyan direba yake. Kwana uku a gareji na nufin kwana uku ba ciniki, ga kuɗin mai wuta, ga sensa da aka saya a Magazin ko aka aiko daga Abossey Okai a Ankara wadda ita ma ta hannu ce, ga mai mota na jiran kuɗinsa ranar da aka yi alkawari. Idan bashi ya taru aka karɓe motar, duk abin da ya biya a baya ya bi ruwa. Haka ma ɗan'uwan da ke ƙasar waje da ya tara guminsa ya aiko da mota don gida su riƙa samun na cefane: shi ya yi cinikin biri a sama, 'yan gida kuma su riƙa zargin direba da cin amana, zumunci ya lalace a kan wayar da ta yi tsatsa.

Dokar da aka yi aka ajiye

A 2020 majalisa ta yi wa dokar kwastan gyara, doka mai lamba 1014, wadda ta haramta shigo da motocin da suka lalace ta karo, gobara ko ruwa, da wasu motocin da suka haura shekara 10. Manufar ita ce a buɗe kasuwa ga masu haɗa sababbin motoci a gida. Volkswagen ya fara a Ankara a Agustan 2020, Toyota ya buɗe nasa a Tema a 2021. An tsara haramcin ya fara aiki a Nuwamban 2020. Diloli, masu sayar da kayan gyara da masu gyara suka ce za a kashe musu sana'a, jam'iyyar NDC da ke adawa a lokacin ta yi alkawarin soke shi, ga zaɓen Disamba ya ƙarato, sai gwamnatin NPP ta dakatar da aiwatarwa. Motocin gwanjo suka ci gaba da sauka.

Ni ina ganin masu kukan suna da gaskiya a rabi. Hana motar karo gaba ɗaya zai kashe aikin dubban masu bugun jiki da masu fenti, kuma direban Zango ba zai iya sayen sabuwa daga Tema ba ko an yi ragi. Kuskuren dokar shi ne ta zuba motar karo da motar ruwa a kwando ɗaya. Da aka ajiye ta kuma, sai aka ajiye duka, mai saye ya rage ba mai kare shi.

Abin da ya kamata a nema a yanzu ƙarami ne, kuma mai yiwuwa ne. Na farko, a raba biyun: motar ambaliya a hana ta hawa titi, in ma za ta shigo to a matsayin kayan jiki kawai. Na biyu, kwastan na karɓar lambar jikin kowace mota, VIN mai harufa da lambobi 17, don lissafin kuɗin fito. Da wannan lambar ake gano tarihin motar Amurka. Me zai hana a rubuta "ta yi haɗari", "ta sha ruwa" ko "an juya sitiyari" a takardar da DVLA ke bayarwa, ya bi motar duk hannun da ta shiga? Na uku, gwajin lafiyar mota ya haɗa da sa na'ura a soket ɗin nan, ba duba birki da fitila kaɗai ba. Na huɗu, horo. Tun 1980 jami'ar KNUST ta kafa cibiyar koyar da fasaha a cikin Suame, ga Kumasi Technical Institute nan kusa da mu, ga Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, ga shirin koyon sana'a na ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a 2025. Yaro ɗaya da ya iya karanta taswirar wayoyi da mitar awo ya fi amfani ga unguwa a kan goma masu canza kaya da ka. Ɗan majalisarmu na Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, babba ne a majalisa da gwamnati. Ƙungiyoyin direbobi da na masu gyara su kai masa wannan a rubuce, ba a bakin taron suna ba.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kafin hukuma ta motsa, rigakafi na hannunmu. Karɓi lambar VIN ka sa a bincika. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna nan a intanet, kuma rahoton tarihi kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba. Dilan da ya hana ka lambar ya riga ya ba ka amsa. Ɗaga kafet, duba ramin tayar safiya, ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ka nemi laka, alamar ruwa ko tsatsa a ƙusoshin kujera. Turare mai yawa a cikin mota abin tambaya ne. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu bayan an tayar, wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sa mita a batir: wajen 12.6 idan inji na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Ka zo da mai na'urar gwaji naka, ba na dila ba. Mai karɓar "wok an pe" kuma ya nemi a rubuta wanda zai ɗauki gyaran ciwon da motar ta zo da shi.

Ga 'yan'uwanmu diloli, waɗanda da yawansu tare muke sahu a masallaci: malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayarwa idan ya gano. Dokar ciniki ta Gana ta 1962 ma ta ɗora wa mai sayarwa nauyin aibin da bai bayyana ba. Faɗi gaskiyar motar, ka rage farashi, wanda ya ga zai iya ya saya da idonsa a buɗe. Ribar za ta ragu, amma yaron da zai hau ta neman abinci ɗan unguwarku ne, kuma gobe ma wurinka zai dawo.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a nemanmu.