Raddi ga Mai Cewa a Sa Katako Mai Magani a Bayan Jirgin Alminiyam

Wata fatawa tana yawo tsakanin masu ƙananan jiragen ruwa na alminiyam, kuma wani dattijon kafinta da nake ganin girmansa ya tsaya mata tsayin daka. Ga abin da Malam ya ce a taƙaice. Idan allon bayan jirgi ya ruɓe, wato katakon nan da ake rataya inji a jikinsa, ba sai an wahala ba. In ruɓar ba ta yi nisa ba, a ɗura masa gam, a ɗora farantin ƙarfe, a ɗaure da noti. In ta yi nisa, a sayo katakon da aka jiƙa da maganin ruɓa a sa, an huta ke nan. Ya ƙara da cewa filawud kayan silin ne da kabad, falanki guda ya fi shi, kuma a shafe shi da baƙin mai. Malam ya fi ni sanin katako, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai katakon da muke magana a kansa yana manne ne da alminiyam, a cikin ruwa, kuma a nan ne fatawar ta karkace.

Kafin amsa, ya kamata a san aikin allon. Irin waɗannan jirage sun yaɗu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Alumacraft ya fara a 1946, Lund kuma a 1948, dukansu a jihar Minesota. Jikin ƙaramin jirgin siriri ne, sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 2 ba, don haka ba zai iya riƙe inji shi kaɗai ba. Shi ya sa ake cusa allo mai kaurin kusan inci ɗaya da rabi a bayansa. Injin Yamaha mai doki 15 ya haura kilo 35, mai doki 40 kuwa yana kusan kilo 70. Nauyin ma ba shi ne babban abin ba. Farfela tana can ƙasa a cikin ruwa tana tura jirgi, sai ƙasan maƙalin injin ya riƙa danna allon, samansa kuma yana fizgarsa baya, a kowace igiyar ruwa, a kowace ƙara wuta. Allon da zai ɗauki wannan dole ya kasance da ƙarfi tun daga wannan kusurwa har waccan.

Malam ya ce a ɗura gam a ɗora ƙarfe. Amsa ita ce, ruɓa aikin funfuna ne, kuma abin da take ci shi ne zaren da ke ba katako ƙarfi. Wanda ya taɓa cire murfin saman irin wannan allo ya san abin da ake tararwa: baƙin abu mai laushi, yana warin ƙasa, ka sa sukudireba ya nutse har mariƙi, ka ɗebo shi da hannu yana ɗigar ruwa. Gam ɗin efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako, kuma ko ya kama, babu zaren da zai haɗa. Farantin ƙarfen kuwa, a kan me zai zauna? Kana ɗaure noti abin da ke ciki yana lotsewa, bayan mako biyu ya sake kwancewa, ka ƙara ɗaurewa, har fatar alminiyam ɗin ta lanƙwashe ta fara tsagewa a kusurwa. Ga shi kuma an ɓoye ciwon, mai jirgi ya daina ganinsa.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Malam ya ce katako mai magani ba ya ruɓewa. Na yarda, yana daɗewa ƙwarai. Amma a tambaya, mene ne maganin? Shekaru da yawa ana amfani da wani haɗi da ake kira CCA, mai ɗauke da kuromiyam da jan ƙarfe da gubar arsenik. A ƙarshen shekarar 2003 aka daina sa shi a katakon da ake sayar wa gidaje a Amurka saboda gubar, aka koma ga wasu haɗe-haɗe irin su ACQ, waɗanda jan ƙarfen da ke cikinsu ya fi na da yawa. Jan ƙarfen ne ke kashe funfuna, kuma shi ne babban abokin gabar alminiyam.

Yadda abin yake, duk lokacin da ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu kuma akwai ruwa a tsakaninsu, sun zama batir. Ɗaya yana zaune lafiya, ɗaya yana narkewa a hankali. Tsakanin jan ƙarfe da alminiyam, alminiyam ne ke narkewa. Jiƙaƙƙen allo yana tsatso da jan ƙarfensa, ya zauna a fatar jirgi, ya fara cinta daga ciki, wurin da ido ba ya kaiwa. Da farko farin gari ne kamar toka. Daga baya ƙananan ramuka kamar bakin allura, sai wata rana mai jirgi ya ga fenti ya kumbura a waje, ya sa farce, rami ya bayyana. A ruwan gishiri abin ya fi sauri, amma ruwan kogi ma yana yi. Masu yin wannan katako da kansu suna gargaɗi cewa kada a haɗa shi kai tsaye da alminiyam. Har sabon nau'in da ake tallatawa cewa ya dace da alminiyam, sharaɗinsa shi ne a wurin da ruwa ke tsanewa, ba wurin da yake jiƙe kullum ba. To, bayan jirgi fa? Allo abu ne da kafinta zai sake yankawa a yini guda. Fatar jirgin da ta zama rariya kuwa sai mai waldar argon, in ma ta gyaru. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai ƙari. Irin wannan katako yakan zo daga kasuwa da danshin maganinsa, gam da fenti ba sa kama shi da kyau, kuma idan ya bushe yana motsewa ya murɗe, notin da aka ɗaure ya saki.

Na san abin da almajiran Malam za su ce: ai ku ma kuna sa notin sitenles, shi ma ba alminiyam ba ne. Gaskiya ne, kuma tambaya ce mai kyau. Bambancin yana ga faɗin wurin haɗuwa. Ɗan ƙaramin noti a jikin faffaɗan alminiyam ɓarnarsa kaɗan ce, tana bazuwa, kuma ana shafe shi da gam ɗin toshe ruwa don a raba su. Allo mai magani kuwa ya rufe bayan jirgi gaba ɗaya, kowane taƙi nasa yana aiki. Wannan hujjar ita ce kuma ta kore farantin baƙin ƙarfe.

Game da falanki guda, a nan zan ba Malam rabin gaskiya. An yi ƙananan jirage da allon katako guda mai tauri, kuma ga ƙaramin inji yana aiki. Masu sassaƙa jiragen katako a bakin Neja, daga Yawuri zuwa Kainji, da falanki suke aiki, suna rataya Yamaha a kai, ba a ce sun yi kuskure ba. Amma can jirgin duka katako ne, tare suke kumbura tare suke motsewa. A jirgin alminiyam allon ne kaɗai ke motsi, ƙarfen yana tsaye. Sannan falanki ƙarfinsa a tsawo yake, a faɗi kuwa tsagewa yake yi, kuma layin notin inji yakan faɗo daidai kan zare guda. Filawud an jera shi ne falle-falle, kowane falle zarensa ya gitta na ƙasansa, don haka babu layin da zai tsage. Filawud ɗin da Malam ya raina na silin ne, wanda gam ɗinsa ke sakin jiki da ya ji ruwa. Wanda ake nufi shi ne na jirgin ruwa, mai gam ɗin da ko an tafasa shi ba ya saki, kuma babu kogo a tsakanin fallayensa. Ma'auninsa na Ingila shi ne BS 1088, kuma da yawansa da itacen okume na ƙasar Gabon ake yi. In bai samu ba, mai kyau na aikin waje yana wadatarwa idan an rufe shi sosai.

Baƙin mai kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Yana hana gam da fenti kamawa, kuma yana tsiyaya cikin ruwan da ake kamun kifi.

Hujjar Malam ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi: ai allon farko da jirgin ya zo da shi ma filawud ne, ga shi ya ruɓe. Haka ne. Amma a duba ta ina ya fara. Kusan kullum daga ramin noti ne, ko daga gefen sama inda murfi ya buɗe, ko wurin da wani ya huda ya ɗaura mariƙi bai toshe ba. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, funfuna ba ta cinsa. Aikin ke nan, a hana ruwa shiga. A sauke inji, a huda kawunan rifit a cire murfi da maƙalan kusurwa, a zaro tsohon allo a hankali domin shi ne ma'aunin sabon. A goge cikin alminiyam ɗin tas, a duba ramuka a toshe. A yanka filawud biyu masu kaurin milimita 18 ko 19, a manne su da efoksi, a gwada a wurin, a huda duk ramukan. Sannan a fitar da shi a shafe da efoksi sau biyu ko uku, musamman gefuna, domin nan ne yake shan ruwa. Masu tsantseni sukan faɗaɗa kowane rami, su cika shi da efoksi, in ya daskare su sake huda daidai girman noti, ta yadda noti ba ya taɓa katako sam. Kowane noti ya shiga da gam ɗin toshe ruwa na jirgi, ba silikon mai warin tsami ba. Kada kuma a sauya tsayin allon: inci 15 ne ga inji mai gajeriyar ƙafa, inci 20 ga mai doguwa. Wanda ke da hali yana iya sa allon roba irin na Coosa, ko a yi masa waldar bututun alminiyam ya rabu da katako baki ɗaya, amma a cire soson da ke hana jirgi nutsewa daga wurin kafin a kunna wuta.

Allah ya gafarta Malam, katako mai magani yana da wurinsa, a shinge da dandamali da turakun rumfa, ban da bayan jirgin alminiyam. Kai kuma mai jirgi, kafin ka sake ɗaukar mutane, ɗaga injinka sama, ka kama ƙafarsa ka danna da ƙarfi kana kallon allon. In ka ga ya motsa, ko jan ruwa ya tsatso daga gindin noti, kada jirgin nan ya shiga ruwa sai an sauya shi.