Wa ke riƙe da makullin sanyin ɗakinka?

 Maƙalarmu ta wannan mako a kan wata 'yar na'ura ce da ake maƙalawa a bango a gidajen Turai da Amurka, wadda aikinta shi ne daidaita zafi da sanyin gida. Wani zai ce ina ruwanmu da ita, mu da ko wutar kirki ba mu samu. Ku ba ni aron hankalinku, don tambayar da ke tattare da ita ta shafi duk wanda ya taɓa sayen abu mai aiki da intanet: idan ka biya kuɗi ka saya, kai ne mai shi ko kamfanin da ya ƙera?

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Tana auna zafin ɗaki, ta kwatanta da adadin da mai gida ya zaɓa, sai ta kunna abin ɗumama gida ko na sanyayawa, idan an kai inda ake so ta kashe. Tsohuwar fasaha ce, domin tun 1883 wani malamin makaranta Ba'amurke, Warren Johnson, ya yi rajistar irinta mai aiki da lantarki. Sama da shekara ɗari tana bango ba ta jin maganar kowa sai wanda ya miƙa hannu ya murɗa ta. A 2011 kamfanin Nest ya fito da wadda ake haɗawa da intanet, tana koyon lokacin tashin mai gida da na fitarsa, ana kuma sarrafa ta da waya. Kasuwarta ta yi kyau har Google ya saye kamfanin a 2014 a kan dala biliyan 3.2.

Sauƙin da ta kawo na gaske ne, ba mai musu. Matsalar ita ce a irin wannan tsari, umarnin da ka bayar daga wayarka ba kai tsaye yake zuwa bangonka ba. Sai ya bi ta manyan kwamfutocin kamfani da ke wata duniya, sannan ya dawo gidanka. Ranar da kamfani ya rufe wancan ɓangaren, kai ma an rufe ka.

Hakan ya sha faruwa. A watan Mayun 2016 Nest ya kashe wata na'urar sarrafa kayan gida mai suna Revolv, wadda mutane suka saya a kan kusan dala 300, ta koma ba ta da amfani ko kaɗan. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutane suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta amsawa. A ranar 25 ga Oktoban 2025 kuma Google ya daina kula da na'urorin Nest na farko da na biyu. Suna nan a bango, ana iya murɗa su da hannu, amma sarrafawa daga waya, wanda saboda shi aka biya tsada, ya tafi.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɗaukar hankali. A ƙarshen Agustan 2022, ana tsananin zafi a jihar Kolorado ta Amurka, kamfanin wuta na Xcel Energy ya kulle na'urorin kusan mutum 22,000 na tsawon sa'o'i saboda ƙarancin wuta. Mutum yana cikin falonsa yana gumi, ya je zai ƙara sanyi, na'urar ta ƙi. A yi wa kamfanin adalci: waɗannan mutane da kansu suka shiga shirin, aka ba su rangwamen dala 100 da farko da kuma dala 25 duk shekara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma da yawansu sai a ranar suka gane abin da suka sa wa hannu.

Ra'ayina shi ne duk mai son gidansa ya riƙa sarrafa kansa, to ya ajiye ƙwaƙwalwar a cikin gidan. Hanyar yin haka tana nan, kuma ba ta kamfani ɗaya ba ce. Fitacciya a ciki ita ce manhajar Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara rubutawa a 2013 don sarrafa fitilun gidansa. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa, kuma tun 2024 tana hannun wata gidauniya da ba ta neman riba, Open Home Foundation. Ana ɗora ta a kan 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ko a kan tsohuwar kwamfutar da aka daina amfani da ita. A sa ƙananan ma'aunan zafi a ɗakuna, a sa makunnin da manhajar za ta iya juyawa, sai mai gida ya rubuta dokokinsa.

Wajen rubuta dokokin ne ake gane amfanin abin. Misali, kana son ɗaki ya tsaya a digiri 26. Idan ka ce a kunna da zarar an wuce 26, a kashe da zarar an sauko, injin zai yi ta kunnawa da kashewa ba hutu, abin da ke saurin lalata kwamfiresa. Sai ka bar tazara: a kunna a 27, a kashe a 25, kuma kada a sake kunnawa sai an huta wasu mintuna. Kana iya ƙarawa: idan an buɗe taga a kashe, idan wayoyin mutanen gida duk sun fita a rage, kafin a dawo a fara. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce wanda ke sassauta na'urarsa da digiri 7 zuwa 10 na ma'aunin Faranhait na sa'a 8 a rana yana iya rage har kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi a shekara. Duk wannan lissafi a cikin gida ake yinsa, ko da intanet ko babu.

A nan ne maganar ta iso gare mu. Mu ba ma ɗumama gida da tukunyar gas kamar Bature. Damuwarmu ita ce zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, da esi mai cin wuta, da batirin sola da aka saya da gumin goshi. Akwai 'yar na'ura mai kwaikwayon rimot ɗin esi, akwai kuma inbatocin da manhajar ke iya karanta bayanansu. Mai su zai iya kafa doka cewa esi ba zai kunnu ba sai rana tana bayarwa kuma batir ya cika, idan cajin ya sauka ƙasa da rabi ya kashe kansa a bar fanka. Sannan mun fi kowa sanin cewa intanet ba abin jingina ba ne. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni. A Maris ɗin 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun katse, Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka shiga matsala. Gidan da sai ya nemi izini daga Amurka kafin ya kunna esi, a irin waɗannan ranaku ya zama kurma.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wannan hanya tana cin lokaci. Yawancin bayananta da Turanci suke. Manhajar tana fitar da sabon zubi duk wata, wani lokaci sabon ya ɓata abin da ke aiki lafiya jiya. Idan ta lalace da tsakar dare babu lambar kamfani da za ka kira, kai ne injiniya, kai ne mai ƙorafi. A ƙasashen sanyi kuskure ɗaya na iya barin gida ba ɗumi har ruwan famfo ya daskare ya fasa bututu. Haɗa makunni da wayar wuta kuwa aikin mai gyaran lantarki ne, ba na wanda ya kalli bidiyo biyu ba. Akwai kuma wanda ke mayar da gida fagen gwaji, har matarsa ta kasa kunna fanka sai ta kira shi a waya. Wannan bai 'yanta gidansa ba, ya dai karɓi kujerar kamfanin ne ya zauna.

Amsata ita ce a yi ginin yadda idan kwamfutar ta mutu, gidan ba zai mutu ba. Makunnin bango ya ci gaba da aiki, rimot ya zauna a inda kowa ya sani, duk dokar da aka rubuta ya zama hannu yana iya soke ta. Gwajin mai sauƙi ne: idan Hajiya ta zo daga ƙauye ta kwana biyu, za ta iya kashe esi ba tare da ta tambayi kowa ba? Idan ba za ta iya ba, aikin bai kammala ba. Wanda kuma ba shi da lokacin wannan wahala, babu laifi ya sayi na kamfani, amma kafin ya biya ya tambayi mai shago abu ɗaya: idan na cire intanet, me zai rage yana aiki? Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu masu koyon rubutu, idan muka zo maganar fasaha, yawanci ko dai mu yi ta mamaki ko mu yi ta tsoratarwa. Akwai tambayoyin da suka fi waɗannan biyun amfani ga mai karatu: wa ya ƙera, wa ke iya kashewa, wa zai biya idan ta lalace. Ku gwada su a kan wayarku, da mitar wutar gidanku, da manhajar bankinku, za ku ga maƙala tana fitowa da kanta. Mai ganin kamfani ya fi mai gida iya riƙon wannan amana, ga fili, ya kawo hujjarsa mu ji.