Ɗaga ƙarfe da sukarin jini: abin da ya kamata samarin Adar su sani

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, samari sun koma gwada ƙarfi. A unguwannin Tawa, da garuruwa irin su Keita, Tamaske, Kalfu da Barmu, da la'asar za ka ga gwangwani biyu cike da siminti an haɗa su da sandar ƙarfe, matasa sun yi layi kowa na jiran nasa. Wasu shirin kokowa suke yi, tunda a shekarun nan cikin Disamba ake gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara nan Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Wasu kuwa ƙirji da damtse kawai suke nema. A wannan lokaci ne kuma, ran 14 ga Nuwamba, ake ranar ciwon sukari ta duniya. Shi ya sa muka haɗa maganar biyu: shin nauyin da saurayi yake ɗagawa, mai yawa ko matsakaici, me yake yi wa sukarin da ke jininsa?

Mu fara da yadda jiki yake aiki. Tuwo, fura, shinkafa, burodi, duk suna komawa sukari a jini. Mafi yawan wannan sukari, kusan kashi 80 cikin 100, tsoka ce take kwashe shi bayan an ci abinci, da taimakon sinadarin insulin da jiki yake yi. Jiki na da rumbu biyu: hanta tana ajiye kamar giram 100, tsoka kuma kamar giram 400. Idan tsoka ta yi aiki sai rumbunta ya ragu, ta buɗe ƙofa tana jan sukari daga jini ko da insulin bai yi yawa ba. Bayan an gama ma, ƙofar tana nan a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu.

To, nan ne nauyi yake kawo bambanci. Idan saurayi ya ɗauki matsakaicin nauyi, wanda zai iya ɗagawa sau 10 zuwa 15 kafin hannu ya gaza, yana ɗan hutawa yana komawa, sukari yakan tsaya inda yake ko ya sauka a hankali. Amma idan ya ɗora abin da sau ɗaya ko biyu kaɗai zai iya ɗagawa, yana nishi, abokai na zuga shi, jiki yana ɗauka an shiga faɗa ne. Sai ya saki sinadarin adirenalin, hanta ta zubo sukari fiye da abin da tsoka take sha a lokacin. Wanda aka auna shi nan take sai a ga sukarinsa ya hau. Haka yake faruwa ga ɗan kokowa a tsakiyar fage. Ga mai lafiya wannan hawan ba ciwo ba ne, cikin awa ɗaya ko biyu yake komawa daidai. Don haka kada wani ya fito daga ɗaga ƙarfe ya wuce kai tsaye wurin awo, ya tada hankalin gidansu a banza. Awon gaskiya da safe ake yi, kafin a sa komai a baki. Daga giram 0,70 zuwa 1,10 a lita lafiya lau ne. Idan ya kai 1,26 ko ya wuce, a awo biyu daban, likita zai ce ciwon sukari ne. Wasu na'urori 126 suke nunawa, duk abu ɗaya ne.

Wasan yara da ƙarfe marar nauyi, wanda ba ya sa gumi, amfaninsa kaɗan ne, dole tsoka ta ji a jikinta. Amma gasar wa ya fi wa, sau ɗaya a mako, ita ma ba ta tsare jini, tunda amfanin kwana biyu yake yi ya gushe. Abin da ke tsare shi shi ne maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ya haɗa da minti 150 zuwa 300 na tafiya da sauri, keke ko makamancinsu. Wani bincike na jami'ar Habad ta Amurka, da aka fitar a 2012, ya bi maza sama da 32.000 tsawon shekara 18. Waɗanda suke ɗaga ƙarfe minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 34 cikin 100. Waɗanda suka haɗa da gudu ko tafiya, kashi 59. Magidanta ne aka bi a binciken, amma tsokar da ta tsare su tun ƙuruciya ake gina ta. Kuma a lura, manyan tsokoki a cinya, ɗuwawu da baya suke. Wanda damtse kaɗai yake kumburawa ya bar babban rumbun a rufe. Tsuguno da tashi da buhun yashi a kafaɗa ya fi masa.

Iyayenmu ba su san gidan ɗaga ƙarfe ba. Jan guga a rijiya mai zurfi, noma a fako, haƙar tassa, da jidar duwatsun da aka yi a aikin raya ƙasar Keita tun daga 1984, maza da mata, su ne ƙarfensu, kuma kullum ne. Yau saurayi yana wuni kan kabu-kabu ko cikin shago, dare ya yi ya zauna fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da sukari kamar zuma, ga lemun kwalba a kai. Ɗagawar minti ashirin ba ta biyan wannan bashi. Mun kuma san yadda ƙarfi yake tafiya: ɗan kokowa ya ajiye fage, ɗan ci-rani ya daina dako a Abijan ya buɗe shago, aiki ya tsaya amma cin bai ragu ba. Tsoka ta zube, tumbi ya fito, mutane na cewa hutu ne da arziki. Sau da yawa nan ciwon yake shiga, shiru, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka, kuma sama da rabinsu ba su sani ba.

Akwai kuma ƙwayoyin ƙiba da ake saye a tire a kasuwa, musamman deksametazon. Wannan magani ne na likita, kuma an san yana tada sukarin jini. Kumburin da yake sa wa ruwa ne da kitse, tsoka ma raunana ta yake yi idan an daɗe ana sha. Alluran gina jiki su ma suna ɓata aikin insulin, ban da illarsu ga hanta da zuciya.

Sai saurayin da ya riga yana da ciwon, yana allurar insulin ko yana shan gilibenkilamid. Ba a hana shi motsa jiki ba, amma haɗarinsa daban ne. Idan ya ɗaga mai nauyi ya ga sukari ya hau, kada ya yi gaggawar ƙara allura da kansa, don tsoka za ta ci gaba da jan sukari har cikin dare, yana iya faɗuwa ƙasa da 0,70 yana barci. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ruɗewar magana, su ne alamun. Ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku a aljihu, abokan wasansa su san halinsa, kuma ya ci abinci kafin ya kwanta. Idan awo ya wuce 2,50 kafin ya fara, ya dakata ya nemi shawarar likita. Mai hawan jini, da wanda ciwon ya taɓa masa ido, su guji riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi. A zafin Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, a jira rana ta yi sanyi kuma a sha ruwa sosai.

Ƴan uwa na Abijan, Legas, Duwala da Libiya, ƙannenku sukan roƙi a aiko masu garin ƙara jiki. Na'urar awon sukari guda da tsinkayenta za ta fi amfanin gidan gaba ɗaya, har da tsofaffi. Ku ma can ku auna. Mu na gida kuwa, duk wanda ke yawan jin ƙishirwa, yawan fitsari da dare, ko rama ba dalili, ko kuma akwai ciwon a danginsu, ya je CSI mafi kusa ko babban asibitin jihar Tawa, komai faɗin ƙirjinsa. Shugabannin fada kuma su duba, ko buta ɗaya a rage mata sukari daga daren yau.