Proteus na Sata Ba Zai Shayar da Gonar Kadawa Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lissafin noman rani ya sauya a Kura, Bunkure da Garun Malam. Wanda gonarsa ke bakin kanal, ruwan Tiga na gangaro masa da kansa, kamar yadda aka tsara tun da aka kammala dam ɗin a 1974. Wanda ke can ƙarshen layi kuwa, ko wajen shatar aikin baki ɗaya, da inji yake jan ruwa, injin kuma fetur yake sha. Shi ya sa famfon sola ya soma yawaita, tare da shi kuma wata sana'a ta tsiro: samarin da ke gyaran rediyo, waya da inbata sun fara haɗa 'yan na'urorin da ke kashe famfo idan rijiya ta ƙafe ko tanki ya cika. Da su nake magana, da malaman da ke koya musu. Manhajar da kuka ɗauka ita ce ginshiƙin sana'ar, wato Proteus ɗin da aka fasa wa makulli ake zuba muku a filashi, ita ce ke riƙe ku a wuri ɗaya.

Proteus ba ta da laifi a karan kanta. Kamfanin Labcenter na Ingila ne ya yi ta, kuma ta sayarwa ce. Batun haƙƙin masu ita na bar wa malamai, sun fi ni sanin hukuncinsa. Abin da ya dame ni shi ne ɗabi'ar da ta dasa mana. Ɗalibi zai zana "na'urar ban-ruwa mai sarrafa kanta" a fuskar kwamfuta, ya danna maɓalli, hoton mota ya juya, a tafa masa, a ba shi maki. A cikin kwamfutar nan babu ƙurar hunturu, babu ranar watan Afrilu da ke gasa akwatin roba, babu ƙadangaren da zai shige ya kwanta a kan wayoyi. Na'urar auna damshi mai yatsu biyu, wadda kusan kowane furojet ke amfani da ita, a zane ba ta tsufa. A ƙasa mai taki da ruwa kuwa, wutar da ke ratsa yatsun tana cinye ƙarfen cikin 'yan makonni, sai ta riƙa cewa gona a bushe take alhali shinkafa na tsaye cikin ruwa. Haka ɗan rilen nan shuɗi da aka rubuta wa amfiya 10: mota mai aiki da wutar AC tana jan ninki biyar zuwa bakwai na ƙarfin da ta saba a daidai lokacin tashi, har bakin rilen ya narke ya manne, famfo ya ci gaba da juyawa babu ruwa har ya ƙone. Asarar manomi ce, bayan ya sayar da buhunan shinkafa kafin ya mallaki famfon.

Za a ce mini, yaron da ba shi da kuɗin ƙona kayan gwaji dole ya fara gwadawa a kwamfuta. Gaskiya ne, sai dai hakan ba ya bukatar sata. SimulIDE kyauta ce, ba ta neman intanet, kuma tana kwaikwayon Arduino da lambobin da ka rubuta masa. LTspice ta kamfanin Analog Devices kyauta ce, injiniyoyin manyan kamfanoni da ita suke duba abin da ke faruwa a ɗan ƙiftawar da wuta ke tashi ko katsewa, inda kayan famfo suka fi mutuwa. Ita kuwa Arduino IDE, da ta samo asali a garin Ivrea na Italiya a 2005, tsohuwar fitowarta ta 1.8.19 tana tafiya lafiya a tsohuwar kwamfutar gwanjo, kuma a cikinta akwai tagar da ke nuna maka, lamba bayan lamba, abin da na'urarka ke ji daga ƙasa ta gaske. A ganina wannan tagar ta fi duk wani zane mai motsi daraja.

Sai zanen allon da ake liƙa kayan a kai. KiCad ta wadatar. Wani malamin jami'a Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, daga baya cibiyar binciken CERN da ke Turai ta sa hannu wajen inganta ta. Fayilolinta rubutu ne a buɗe: wanda ya zana a Bunkure zai tura wa abokinsa a Zariya ta WhatsApp ya gyara, ko a buga zanen a takarda a manna shi kan allon tagulla da dutsen guga. Wanda ke ganin manhajar kamfani ta fi tabbas, ya dubi EAGLE. Shekaru da dama ita ce abin tinƙahon masu wannan sana'a a duniya. Autodesk ya saye ta a 2016, ya mayar da ita ta haya, sannan a 2023 ya sanar cewa zai daina sayar da ita da kula da ita a watan Yuni na 2026. Waɗanda suka biya kuɗinsu ke nan. Kayan aro dama ba ya rufe katara, balle wanda aka ɗauko ta taga, da ƙwayar cutar kwamfuta a maƙale da shi sau da yawa.

Kaso mafi girma na laifin yana wuyan masu ba da maki. Muddin hoton mota mai juyawa a allon kwamfuta ya isa a ci jarrabawa, babu ɗalibin da zai sha ranar Kadawa. Daga Kano zuwa Kura bai kai tafiyar awa guda ba a kan titin Zariya. A ɗora wa duk mai furojet ɗin ban-ruwa sharaɗin ya girka na'urarsa a gonar wani manomi na tsawon mako biyu, ya kawo lambobin da ta auna kowace rana, da fayil ɗin KiCad da wani zai iya buɗewa, da kuma bakin manomin a kan ko famfonsa na nan da rai.