In Ubangida Ya Ce A'a, Kada Ka Yi Fushi da Kasuwa

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na ƙasar Garki. Yanzu da kaka ta kama, samari sun fara zagaya rumfunan manya suna neman wanda zai riƙe su. Da yawa za su ji "babu wuri", wasu su yi zuciya su bar sana'ar. Shi ya sa muka ga ya kamata a yi magana.

Ku sani, abin da ubangida ke ba yaronsa ya fi kuɗi, sunansa ne yake ba shi. In ya aike ka Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis, aka ɗora maka buhun riɗi ashirin ba ka biya ko kwabo ba, don darajarsa aka yi. In ka ci amana, shi za a bi. To, mutumin da ya shekara talatin yana tsare sunansa, yaya zai danƙa shi ga wanda ya gani jiya?

Haka abin yake tun zamanin gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun nemi fataken goro don su saya musu gyaɗa, domin su ne ke da yara da amintattu a ƙauyuka. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya sha tafiyar Gwanja kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Kamfani ya ba attajiri kuɗi, attajiri ya raba wa yaransa, yara su shiga karkara da sikeli. Da layin dogo ya ratsa Ringim ya kai Nguru a 1930, wannan tsari ya bi layin har ƙasarmu. Duk abin a kan yarda ya tsaya, kuma ba a samun yarda rana ɗaya.

Saboda haka, kai mai neman ubangida, kada ka fara da roƙon jari. Nemi aiki tukuna: awo, ɗinkin buhu, tsaron rumfa, rubuta lissafi. Kada kuma ka je kai kaɗai. Tafi da wanda zai tsaya maka, kawunka ko limamin unguwa ko wani dillali da ya san gidanku. Ka zaɓi lokaci, ba tsakiyar ciniki ba sa'ad da mota ke jiran lodi.

In duk da haka ya ce a'a, ka durƙusa ka ce, "Na gode, Alhaji. Me ya rage mini in gyara?" Sau ɗaya ya isa. Wataƙila yaransa sun yi yawa, wataƙila bara wani ya gudu da kuɗinsa, wataƙila gwada haƙurinka yake yi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ka koma majalisa kana zaginsa. Kasuwa kunne gare ta, kuma manyan nan sun san juna daga Babura har Shuwarin. Wanda ka ɓata yau, shi za a tambaya halinka gobe.

Kama ƙaramin abu da hannunka, ko tiya biyar ta gero ce, ka riƙa cika mudu, ka biya bashi ranar da ka ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sau tari wanda ya ƙi ka shi zai aiko a kira ka, ko ya haɗa ka da abokinsa.

Ku kuma iyayenmu manya, don Allah a daina "je ka ka dawo" wata da watanni. In ba za ku ɗauki yaro ba, ku faɗa masa gaskiya da dalili, ku nuna masa wata ƙofa. Ku ma wani ne ya riƙe ku.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.